Katangar Baya

Misbahu dillali yana ta yabon tayil ɗin ɗakin, yana ƙwanƙwasa shi da kan makulli don a ji ƙararsa, amma Rabe ko leƙawa bai yi ba. Ya wuce ƙofar ɗakin, ya wuce madafa da banɗaki, ya zarce bayan gida ya tsaya gaban katanga. Ya ɗaga hannu ya shafa samanta. Iyakarta haɓarsa, kuma babu kwalba ko ɗaya a kanta. Tun safe sai yanzu ya saki numfashi.

Misbahu ya biyo shi yana tsaki ƙasa-ƙasa. Ya gaji da mutumin nan. Tun hantsi yake yawo da shi a bayan babur cikin Dutsin-Ma, rana na dukansu, man fetur na ƙonewa. Gidajen farko masu su ko ƙofa ba su bari an shiga ba. Wani ya ce shi ɗalibai kawai yake ba wa, don tun da jami'a ta zo ɗaki ya yi daraja, kuma ɗalibi ba ya zuwa da mata da hayaƙin murhu. Wani kuwa kallon Rabe ya yi daga sama har ƙasa, doguwar fuskar nan da siririn hanci, ya tambaya daga ina. Da ya ji an ce Wurma ta ƙasar Kurfi, sai ya tuna cewa ai jiya aka kama ɗakin. Kakannin Rabe ne suka yi kiwo, shi ko gaisuwa da Fillanci bai iya ba, gero da dawa ya taso ya tarar ana nomawa. To amma wa ke da lokacin jin wannan yanzu?

Abin da ya fi ƙona ran Misbahu shi ne inda aka yarda a ba Rabe, shi ne ya ƙi. Zai shiga, ya zagaya baya, ya ɗaga kai ya kalli katanga, ya fito ya ce a je gaba.

"Malam Rabe, kowa a garin nan doguwar katanga yake nema, har ƙarin kuɗi ake yi a kanta. Kai kuma gudunta kake. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Wannan ya yi mini."

Misbahu bai tsaya neman ba'asi ba, kada mutumin ya sake shawara. Ya ce mai gidan, Alhaji Mahmuda, ba ya ba da haya sai ya ga ɗan hayar da idonsa, don haka Rabe ya jira nan, zai je kasuwa ya taho da shi. Ya tashi babur ya bar shi shi kaɗai a gidan.

Rabe yana da dalilinsa, bai dai saba faɗa ba ne. Bara waccan, da ɓarayin daji suka matsa wa yankinsu, ya sayar da shanun huɗarsa ya zagaye gidansa da bulo. Katanga ce ta gani ta faɗa, mutum ko ya miƙe hannu ba ya kaiwa, aka dasa fasassun kwalabe a samanta, aka sa ƙofar ƙarfe guda ɗaya tal. Har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo. Ranar da abin ya faru, shi ya kai matarsa Batula awon ciki Kurfi. Mutanen suka shigo bayan la'asar, da sauran rana, a kan babura. Maƙwabta masu dangar kara suka keta ta suka faɗa cikin dawa, suka tsira. Gidan Rabe kuwa ba su ko kalli katangar ba, makullin ƙofar suka harbe suka shigo. Ƙanensa Talha ya ja mahaifiyarsu Gogo zuwa baya, ya yi tsalle ya kama saman katanga don ya hau ya jawo ta. Kwalabe suka shige tafin hannunsa, ya kasa hawa ya kasa sakowa. A nan suka harbe shi. Ita Gogo suka buge ta da gindin bindiga suka bar ta, don ba za ta iya tafiyar daji ba. Da Rabe ya dawo, ya tarar da ƙanensa rataye jikin katangar da ya gina da kuɗinsa, uwar na zaune ƙarƙashi jinin ɗanta na ɗiga a zanenta. Shi ya sauke shi, shi kuma ya ciccire gilashin daga hannunsa kafin a yi masa wanka. Tun ranar Gogo ba ta cika magana ba, sai dai ta gyaɗa kai ko ta girgiza.

Yanzu haka ita da Batula suna tasha ƙarƙashin bishiyar bedi, zaune kan buhunan gero, turmi da tukwane da katifa jibge kewaye da su. Batula cikinta ya tsufa. Ya yi musu alkawari yau ba za su kwana a tashar nan ba.

Ya sake duban katangar. Shi kam zai haye ta ba wahala. Batula in an sa mata abin takawa za ta iya. Gogo ce matsalar, sai dai a goya ta. Kuma Rabe ya daina yarda da abin da ido ya auna, sai abin da ya gwada.

A lungun madafa akwai ragowar buhun siminti da magina suka bari, ruwa ya taɓa shi ya daskare. Ya jinjina shi. Gogo ba za ta fi haka nauyi ba, yadda ta rame. Ya kwance rawanin da ke wuyansa, ya ɗora buhun a baya ya ɗaure tamau kamar mai goyo, ya jawo bulo guda ya taka, ya yi bisimilla ya haye. Ya dira a wani siririn lungu. Ya bi shi da sauri har ƙarshe, ya ga yana ɓullewa wani kwari, bayan kwarin kuma gonaki. Daɗi ya kama shi har ya ji ƙwalla. Ya dawo ya sake hayowa cikin gida, ya ce bari ya ƙara gwadawa da sauri, kamar ana binsa.

Yana bisa katanga, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya ji an ƙwala ihun ɓarawo.

Abin da Rabe bai sani ba, unguwar nan a tsaye take kwana. Sabuwa ce, can bakin gari, ko suna ba ta gama samu ba, gidaje ne ke ta tsirowa inda bara aka cire gyaɗa. Ba a daɗe ba da 'yan bindiga suka shigo suka tafi da Murja, matar wani mai walda da ake kira Mas'ud, kuma ta lungun nan suka fita da ita. Har yau ba labarinta. Kowa ya yi imani wani ne ya zo da rana ya nuna musu hanya. Tun daga nan samarin unguwar ba sa rabuwa da gora da adda.

Kafin ya yanke shawarar ɓangaren da zai dira, an kama ƙafarsa ta waje an fizgo. Ya faɗo lungun rub da ciki, nauyin simintin ya danne shi, haƙarƙarinsa ya bugi ƙasa. Ya buɗe baki zai yi magana aka cika masa shi da takalmi. Mutane suka yi ta ɓullowa ta kowace kusurwa, masu shago, leburori da farar ƙasa a jikinsu, masu babura da suka tsaya ganin abin da ake yi suka sauka suka sa hannu. Wanda bai san laifin ba ma duka yake, sai ya huta ya tambaya me aka sata.

Aka ja shi a ƙasa zuwa bakin titi. Wani ya sa wuƙa ya yanke rawanin, buhun ya faɗi tim, ko fashewa bai yi ba. Aka yi cirko-cirko ana kallonsa. Da sata ce ta gaske, da ƙila an tsaya a mari da 'yan sanduna. Mas'ud ya ratso taron, siriri ne, idanunsa jajur irin na wanda ya daɗe bai yi barci ba. Ya taka buhun da ƙafa, ya tsuguna ya kama haɓar Rabe ya juya fuskarsa yana dubawa.

"Wa zai saci mataccen siminti?" ya ce, muryarsa ko ɗagawa bai yi ba. "Ku dubi fuskarsa. Gwaji yake yi. Aunawa yake yadda za a tsallaka da mutum a baya."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta kusa kashe Rabe. Aka ce infoma ne, kalmar ta zagaye taron, duka ya sake sabon salo. Yanzu ba takalmi ba ne, gora ce da katakon gini. Rabe ya dunƙule ya rufe kansa da hannuwa. Yana jin ana tambayarsa su nawa ne, ina sansaninsu, ina Murja, amma ba a bar shi ya amsa ko ɗaya ba. Da ya samu ya ce daga Wurma yake, sai wani ya ce to ai ga shi nan, ya faɗa da bakinsa. Wayarsa ta faɗo daga aljihu tana ƙara, aka ce mutanensa ne ke kiransa, wani ya ɗauke ta ya ɗaga sama kamar an kama hujja.

Ta tsakanin ƙafafu ya hango Misbahu. Ya dawo, yana zaune kan babur a bayan taro, ya kashe injin. Suka haɗa ido. Rabe ya kira sunansa da iyakar ƙarfin da ya rage masa. Misbahu ya sunkuyar da kai yana latsa waya, can ya tura babur ɗin da ƙafa ya juya. Daga baya ya rantse cewa wurin Alhaji ya koma don ya hanzarto da shi. Ƙila haka ne. Amma kalma ɗaya ce ake nema a lokacin, ya ce shi ya kawo shi, kuma bai faɗe ta ba.

Wani ƙato ya ɗauko bulo da hannu biyu ya sake shi kan ƙaurin Rabe. Ƙarar ƙashin har waɗanda ke baya sun ji. Rabe bai yi ihu ba, numfashinsa ne ya ɗauke, ya ga sararin sama ya yi fari fat. Da ya dawo hayyacinsa ya ji an zura masa taya a wuya, warin roba ya cika masa hanci. Aka karɓo kwalbar fetur wurin mai sayarwa a bakin titi aka tuttula masa a ka. Ya shiga idonsa, ya shiga raunukan. Abin da ke ransa ba mutuwar ba ce. Gogo da Batula yake gani zaune kan buhuna, magariba ta yi, suna kallon duk babur da ya shigo tasha.

A nan Kande ta iso. Dattijuwa ce mai suyar awara a bakin lungu, ita ma gudun hijira ya kawo ta daga Kutawa da jikokinta. Tun ɗazu daga inda take suya ta ga mutumin yana haurawa da buhu a baya, ta kuma gane abin da yake yi, don haka ko motsi ba ta yi ba. Sai da ta ga an wuce da taya sannan ta sauke kaskon. Ba ta roƙi kowa ba. Ta ture mazan da gwiwar hannu, ta cire mayafinta ta rufa wa Rabe, ta zauna daɓas a jikinsa, cikin fetur ɗin.

"Mai ashana ya ƙyasta," ta ce. "Mu biyu ne."

Aka yi ta ce mata Inna ki tashi, ba ki san ko waye ba. Wani ya kama hannunta, ta kalle shi, ya saki. Ta ɗaga gefen mayafin ta leƙa fuskar da ta kumbura.

"Ɗana, wa za ka goya?"

Sai da ya tofar da jini sannan ya iya cewa, "Uwata."

Kande ta ɗago ta dubi Mas'ud, wanda kwalin ashana ke hannunsa. Ta ce masa ya aika a leƙa bayan ɗakinta, za a ga turmi a kife gindin katanga, da kujera 'yar tsugunno a gefensa. Ta ce duk Juma'a sai ta sa jikokinta sun haye sun dawo, babban ya goya ƙaramar. Ta ce wanda bai taɓa gudu daga gidansa ba ƙofa yake dubawa in ya je neman haya, wanda ya taɓa kuwa baya yake zagayawa. Taron nan kuwa rabinsa mutanen ƙauyuka ne da suka baro gonakinsu, daga Shema, daga Kutawa, daga can cikin ƙasar Kurfi, kuma kowa ya san abin da ya jingine a bayan ɗakinsa, ko tsohuwar ganga ko guntun tsani. Wasu suka fara sauke sandunansu a hankali, suna kallon gefe.

Mas'ud bai sauke komai ba. Ya zaro tsinken ashana ya riƙe. Ya ce to ita Murja wa ya goya ta, wa ya zauna a kanta? Ya daɗe tsaye, hawaye na bin fuskarsa, har motar Alhaji Mahmuda ta tsaya, aka ga mai unguwa ya fito tare da shi. Sannan ya jefar da kwalin ya juya ya shige shagonsa ya ja ƙofa.

Wayar ta sake ƙara a hannun wanda ya ɗauke ta. Ya rasa yadda zai yi da ita, ya miƙa wa Kande. Batula ce, tana tambaya ko an dace.

"An samu gida, 'yata," Kande ta ce. "Ku zauna nan inda kuke, yanzu za a zo a ɗauke ku."

Rabe ya kwana biyu a asibiti, ƙafa cikin filasta, haƙarƙari a ɗaure. Batula da Gogo suka tare a barandar ɗakin marasa lafiya suna jinya, kayansu kuma aka jibge a zauren Kande. Alhaji Mahmuda mutumin kirki ne, wannan ba a ƙwace masa ba. Abin ya tsaya masa a rai, a ce baƙo ya zo neman gidansa an kusa ƙona shi a ƙofar. Shi ya ɗauki nauyin magani, yana aiko da abinci safe da yamma, ya kuma ce gida na Rabe ne, ya zauna har ya warke kafin a yi wata magana. Da ya tambayi Misbahu me ya kai mutumin kan katanga, Misbahu ya ce gwadawa yake ya ga ko ana iya tsallake ta. Alhaji ya gyaɗa kai cike da tausayi, ya ce ya gane.

Ranar da aka sallame shi, da hantsi, a-daidaita-sahu ya sauke su ƙofar gidan. Kande na can bakin lungu tana suya, ta amsa gaisuwarsu ba tare da ta ɗago ba, abin da ya ba Batula mamaki. Alhaji da kansa ya tarbe su, ya riƙe kafaɗar Rabe yana taya shi dogara sanda. Bai tsaya nuna musu ɗaki ba, ya ce su zo su ga wani abu. Ya kai su baya.

An ɗaga katangar. Sabon bulo ne layi bisa layi a kan tsohon, simintin ko gama bushewa bai yi ba, ta yi tsawon da ko mai lafiya ya yi tsalle ba zai kama ba. A samanta an jera fasassun kwalabe, kore da ruwan ƙasa, a tsaye cirko-cirko, rana na haska su.

"Na ga abin da ya tsorata ka, Malam Rabe," Alhaji ya ce yana murmushi. "Tsohuwar nan mai awara har faɗa ta yi da magina, wai a bari. Na ce a'a, bawan Allahn nan ya sha wuya. Daga yau babu mai tsallako muku. Ku yi barcinku."

Rabe ya dubi katangar, ya dubi ƙafarsa. Mutum ya biya maka magani, ya ciyar da iyalinka, ya ba ka wurin kwana, me za ka ce masa? Ya ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara arziki. Alhaji ya ji daɗi, ya yi musu sallama ya tafi.

Aka shigo da kaya. Batula ta shimfiɗa wa Rabe tabarma a inuwar katangar, don nan ne kawai inuwa ta sauka, ta shiga ɗaki tana share-share. Gogo kuwa tun da suka zo bayan gidan ba ta motsa ba, kanta a ɗage. Can ta juya ta nufi inda aka tara kaya. Ta kwantar da turmin ta gangaro shi, tana turawa tana hutawa, har gindin katanga. Ta kife shi. Ta koma ta ɗauko taɓarya. Ta dafa bango ta hau kan turmin, ta ɗaga taɓaryar da hannu biyu ta kai wa kwalbar farko duka.

Ƙarar ta fito da Batula a guje, tana cewa Gogo gidan mutane ne, Gogo za ki faɗi. Rabe ya ɗaga mata hannu ya ce ta ƙyale ta.

Kwalba ta biyu ta tarwatse, ta uku ta bi ta. Gogo ta tsaya tana haki, ta leƙo ƙasa inda ɗanta ke kwance, gutsattsarin gilashi sun zubo har bakin tabarmarsa.

"Rabe," ta ce, "janye ƙafarka."

Ya sa hannu biyu ya ja filastar gefe. Ta gyara tsayuwa ta ɗaga taɓaryar.